Sidi uku da pesuwa hamsin: yaya ake gane bayanin tul yana shiryar da ɗan aiken AI?

Ranar wata Talata bayan la'asar Kawu ya kira ni, ko gaisuwa bai bari mun gama ba ya ce, "Kai ɗana, wannan abin naka da ka saka mana, me ya tura wa Hajiyar Tamale?" Hajiyar nan kwastomarsa ce ta shekara da shekaru, tana sarin shinkafa da mai da siga a shagonsa na Alabar a Kumasi a ɗora mata a mota zuwa arewa, to a satin jarkar mai ta fashe a hanya, aka yi da ita za a mayar mata da sidi 350. Abin da ya shiga momo ɗinta, wato asusun kuɗinta na waya, sidi uku ne da pesuwa hamsin. Ta kira Kawu tana tambaya wai ko kuɗin koko ya aiko mata, in kuwa na koko ne to ya daure ya cika na ƙosai.

"Abin nawa" da Kawu ke nufi ɗan aiken AI ne da na haɗa wa shagon, irin wanda ba hira kawai yake yi ba, yana karanta saƙon kwastoma a WhatsApp, ya duba ko akwai kaya a sito, ya faɗi farashi, ya rubuta oda, in ta kama ya mayar da kuɗi. Da dare na buɗe log, wato rajistar duk abin da ya yi, ina neman inda ya yi shirme, sai na tarar bai yi shirmen komai ba. Ya gane matar, ya gane lambarta, ya gane 350 ne, ya rubuta 350 a gurbin kuɗi. Kamfanin da muke bi ta hannunsa wajen tura kuɗi da pesuwa yake ƙirga, wato ɗaya bisa ɗari na sidi, kuma ba wani baƙon abu ba ne a kamfanonin biyan kuɗi, Stripe da santi yake ƙirga dala, Paystack da kobo yake ƙirga naira, duk mai rubuta kod ya san wannan, ni ma na sani sarai. Amma abin da na rubuta wa ɗan aiken a bayanin gurbin shi ne "adadin kuɗin da za a mayar", shi kenan, ban ƙara ko wasali ba. Allah ya rufa asiri kuskuren ƙasa ya yi. Da tsarin da sidi yake ƙirga shi kuma ɗan aiken ya zaci pesuwa ne, da sidi 35,000 ake magana, da yanzu ba a Aboabo nake rubuta wannan ba.

Tun ranar nake juya tambaya ɗaya a raina, yaya mutum zai gane bayanin tul, wato kayan aikin da ɗan aike ke kira ya yi masa aiki, yana da kyau ko ba shi da kyau kafin wayarsa ta yi ƙara bayan la'asar.

Ga wanda bai taɓa leƙa cikin abin ba, bari in ɗan buɗe. A Yunin 2023 OpenAI ta fito da hanyar da modal, wato ƙwaƙwalwar AI ɗin, zai iya kiran wani aiki na waje, ba ya tsaya ga rubuta amsa kawai ba. A Nuwamban 2024 Anthropic ta fito da MCP, wato ƙa'ida guda ta haɗa modal da kayan aiki, cikin 2025 OpenAI da Google ma suka karɓe ta, shi ya sa yanzu duk inda ka juya saba ce ta MCP, wato manhajar da ke miƙa wa modal tul, ta imel, ta kalanda, ta taswira, ta biyan kuɗi. To ko ta wace hanya ka bi, abin da ɗan aiken ke gani game da kowane tul abu uku ne, sunansa, ɗan rubutun bayani, da fom mai gurabe da zai cike. Kod ɗin da ke bayan labule ba ya ganinsa. Ka ɗauka yaro ne mai digiri, ya karanta littattafan duniya, amma kullum da safe sabo yake shigowa shagon, bai tuna jiya ba, bai san Kawu ba, bai san Alabar ba, an jera masa durowoyi a rufe kowace da 'yar takarda a manne, an ce ya yi aiki. Baƙo ko da ido makaho ne, wannan 'yar takardar ita ce sandarsa.

Hanya ta farko ta auna bayani, wadda kowa ke yi kuma ita ce mafi rauni, ka karanta abinka da kanka ka ce ai a fili yake. Dole ka gan shi a fili mana, kai ka rubuta kod ɗin, duk ramin da ke cikin jimlar ƙwaƙwalwarka na cike shi ba tare da ka ji ba. Na karanta "adadin kuɗin da za a mayar" ya fi sau ashirin kafin ranar Talatar nan, ko sau ɗaya ban ga abin da ya rage ba. OpenAI na da wata shawara a takardun jagorarta da nake ganin ta fi kuɗinta, ka miƙa wa sabon ɗan koyo abin da ka bai wa modal, ba ƙari, ka ga ko zai iya aikin, duk tambayar da ya yi maka amsarta ta shiga bayanin. Na gwada da ƙanwata, wadda karatun jinya take yi, ba ruwanta da kod. Cikin minti biyu ta tambaye ni sidi ne ko pesuwa, lambar da sifiri ake farawa ko da 233, kuma in an riga an mayar wa mutum kuɗinsa ya sake roƙo fa. Kunya ta kama ni. Sai dai gwajin yana da iyaka, ita mutum ce, da ta ga rami ta tsaya ta tambaya, shi kuwa modal sau da yawa ba ya tsayawa, cike ramin yake da abin da ya fi kama da daidai ya wuce abinsa, fuska a sake.

Hanya ta biyu ita ce ake yayi yanzu, a ɗauki bayanin a miƙa wa wani AI a ce ya zama alƙali ya ba shi maki. Akan jera masa abin da zai duba, ko bayanin ya faɗi aikin tul ɗin ƙarara, ko ya faɗi lokacin da za a kira shi da lokacin da ba za a kira ba, ko ya bayyana cewa yana goge abu ko yana cire kuɗi, ko kowane gurbi an faɗi ma'anarsa, ko ya faɗi abin da zai dawo da shi, ko babu surutu mara amfani. Ba na raina wannan fa. In kana da saba ɗari a gabanka kana neman wadda za ka ɗauka, makin zai nuna maka malalata da wuri, waɗanda tul ɗinsu sunansa "nemo oda" bayanin kuma ya ce "yana nemo oda". Irin waɗannan suna da yawa ƙwarai. Kuma da na sa tsohon bayanina a gaban alƙalin, ya kama maganar sidi da pesuwa nan take.

Matsalar ta fito ne da na gyara. Na zauna na tsara bayani mai tsawo, mai sassa, har da misalai, alƙali ya yaba ya ba ni maki mai tsoka, na ji daɗi, sai daga baya na lura a ciki na rubuta cewa tul ɗin duba sito yana dawo da kayan duka shaguna biyu, alhali kod ɗin na Alabar kaɗai yake dubawa, ɗan siton Asawase ban taɓa haɗa shi ba. Ƙarya ce tsaf a rubuce da kyakkyawan Turanci, kuma alƙalin ba shi da hanyar ganewa don shi ma takardar jikin durowa ya karanta, bai buɗe durowar ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ga kuma wani abu da aka daɗe da sani, masu binciken da suka gina MT-Bench da Chatbot Arena sun nuna tun 2023 cewa modal in ya zama alƙali yana da son zuciya, yana karkata ga amsa mai tsawo, wurin da aka ajiye amsa ma yana shafar hukuncinsa. To in doguwar magana na burge alƙali, kowa zai koyi tsawaita magana, makin ya hau, aikin yana nan inda yake.

Amma babbar illar a wurina ita ce alƙali ɗaya-ɗaya yake duba su, rikici kuwa a tsakanin maƙwabta yake. Ka tsaya a tashar Kejetia ka ji met ɗin tiro-tiro, wato yaron motar haya, na ihun "Zongo, Zongo", maganarsa a fili take, babu kuskure a cikinta, amma in motar da ke gefensa ma "Zongo" take kira, ɗaya Moshie Zongo za ta ɗaya Tafo, baƙo ya shiga uku. Ina da tul biyu, ɗaya na duba kaya ɗaya na duba farashi, kowanne in ka karanta shi shi kaɗai ba abin da za ka ce. Kwastoma ya rubuto "akwai shinkafa, nawa yanzu", ɗan aiken wani lokaci ya kira na farko, wani lokaci na biyu, kuma na farkon yana dawo da wani tsohon farashi da ke maƙale a teburin sito, farashin da muka sayo, ba wanda muke sayarwa ba. Gyaran jimla ɗaya ce a kowane ɓangare, "wannan ba na farashin sayarwa ba ne, don farashi kira wancan", amma ba za ka taɓa ganin bukatarta ba sai ka jera su tare ka sake su a kan saƙo na gaske. Abin ya fi muni in ka haɗa sabobin mutane daban-daban, kowanne da tul mai suna "search", wanda ya rubuta wannan bai san da wancan ba.

Shi ya sa ni yanzu awo ɗaya na yarda da shi, gani ya kori ji. Na karɓi wayar shago da izinin Kawu, na kwashi tsofaffin saƙonni na goge sunaye da lambobi, kowane saƙo na rubuta a gefensa abin da ya kamata ya faru, sannan na saki ɗan aiken a kan kwafin rumbun bayanan shagon inda ko ya yi ɓarna ba kuɗin gaske ne zai fita ba. Kuma lallai saƙonnin gaske, ba waɗanda ka zauna ka tsara ba, don kai in ka tsara da hankali za ka tsara, mutanenmu kuwa Hausa da Tuwi da Turanci suke kwaɓawa a layi ɗaya, ba aya ba waƙafi. Ga misalin da ya fi ba ni dariya da tsoro lokaci guda. Wani dattijo daga Bawku ya rubuto "na tura miliyan biyar, a cire a bashina". Duk ɗan Gana ya san sidi 500 yake nufi, tun Yulin 2007 aka yanke sifiri huɗu, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi ɗaya, amma bakin kasuwa bai bi Bankin Gana ba, har gobe dattawa da miliyan suke ciniki. Ɗan aiken nawa ya tashi zai rubuta 5,000,000 a littafin bashi, wato Kawu ne ma za a biyo bashi har jikokinsa. Wane alƙalin maki ne zai ce maka bayaninka ya gaza don bai ambaci canjin kuɗin 2007 ba? Wannan sani a Alabar yake, ba ya cikin jerin abin dubawar kowa.

A cikin gwajin akwai abin da masu farawa ke mantawa, saƙonnin da amsarsu daidai ita ce kar a kira komai. Wani ya rubuto gaisuwar Juma'a, wani yana ta'aziyya, wata tana cewa "wancan man bai yi ba sam" tana huce haushi ne kawai ba ta nemi a mayar mata da kuɗi ba. Bayanin da ya cika zumuɗi, irin mai cewa a kira shi duk lokacin da kwastoma bai ji daɗi ba, zai sa ɗan aike ya riƙa rabon kuɗin Kawu kamar zakka. Masu allon gwajin BFCL na Jami'ar Berkeley a Amurka sun ware sashe musamman don wannan, a ba modal kayan aikin da ba su dace da tambayar ba a ga ko zai kame hannunsa. Sai kuma inda ya kamata ya tambaya maimakon ya yi hasashe. Gurbin layin waya misali, ɗan aiken ya ga 024 ya rubuta MTN, ya ga 020 ya rubuta Telecel, kuma yawanci ya dace, amma tun 2011 a ƙasar nan mutum na iya ƙaura da lambarsa zuwa wani layi, don haka 024 ba hujja ba ce. In bayanin bai ce "kar ka yanke daga farkon lamba, duba rajistar kwastoma ko ka tambaya" ba, zai ci gaba da dacewa har ranar da ba zai dace ba.

Kuma gwaji sau ɗaya ba gwaji ba ne, wannan shi ne darasin da na fi jin jiki kafin in koya. Modal ba kalkuleta ba ce, saƙo ɗaya ka ba shi sau biyar yana iya bin hanya uku. A 2024 kamfanin Sierra ya fitar da gwajin tau-bench, inda ɗan aike ke hulɗa da kwastoman ƙarya a harkar kanti da ta tikitin jirgin sama, ba sa duba daɗin bakinsa, rumbun bayanai suke dubawa a ƙarshe su ga ko ya koma yadda ya kamata. GPT-4o, modal ɗin OpenAI wanda a lokacin yana sahun gaba, bai ci rabin ayyukan ba, da aka ce kuma aiki ɗaya ya ci shi sau takwas a jere, a ɓangaren kanti ya faɗo ƙasa da kashi 25 cikin ɗari. Lissafin ma ba sai ka je Amurka ba, abin da ke dacewa sau tara cikin goma, in ka nemi ya dace sau takwas a jere, wajen kashi 43 ya rage maka. Shago kuwa a jere yake aiki, Hajiya ba ta san matsakaicin maki ba, ranar da aka tura mata kuɗin koko ta sani. Don haka bayani mai kyau a wurina shi ne wanda ke rage wannan tangal-tangal ɗin, yau da gobe da jibi hanya ɗaya.

Akwai ɗan horon kai da abin ke buƙata, in ba haka ba kanka za ka yaudara. Abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda, in ka gyara bayani ka canja modal ka taɓa babban umarni duk a dare ɗaya, da safe ba ka san wanne ya yi magani ba. Wasu saƙonnin kuma a ɓoye su, kar ka riƙa kallonsu kana gyara, in ba haka ba ka zama malamin da ya ba ɗalibi satar amsa sannan yana murnar ya ci jarrabawa. Kuma a karanta log ɗin da ido, ba jimillar maki kaɗai ba, a nan halin kowane modal ke fitowa. Anthropic da kansu sun ba da labarin cewa da suka fito da tul ɗin binciken intanet, sun tarar Claude, modal ɗinsu, na liƙa "2025" a ƙarshen abin da yake nema ba gaira ba dalili, yana karkatar da sakamako, da gyaran bayanin tul ɗin suka magance shi. Sun kuma ce sun sa wani ɗan aike ya riƙa gwada tul mai matsala sau da dama yana sake rubuta bayaninsa, lokacin gama aiki ya ragu da kashi 40 ga masu amfani da sabon bayanin. Ka lura fa, shi ma AI ne ke gyaran, amma bambancinsa da alƙalin maki shi ne wannan ya buɗe durowar ya sa hannu. Wani abin haushin, bayanin da ya zauna daram da modal ɗin bana ba lallai ya zauna da na baɗi ba, wanda ka cika wa manyan haruffa da "DOLE" don tsohon modal mai taurin kai, sabo mai saurin biyayya zai riƙa kiran tul ɗin ko ba a neme shi ba. Duk ranar da ka canja modal, gwaji ya dawo sabo.

Maganar tsawo kuma ba ta da amsa guda. Jagorar Anthropic na cewa a yi aƙalla jimla uku zuwa huɗu ga kowane tul, kuma gaskiya ne gajarta ce ta kashe ni. Amma kowace kalma tokin ce, wato ma'aunin rubutun da ake cajin kuɗi da shi, a tsarin da aka saba duka bayanan ake loda wa modal a kowane kira, ko gaisuwa kwastoma ya yi. Anthropic sun kawo misalin saba biyar masu tul 58 da suka cinye wajen tokin 55,000 kafin a ce uffan, OpenAI kuma na ba da shawarar a tsaya ƙasa da tul 20 a lokaci guda. Mu da ke biyan tokin da dala muna karɓar ciniki da sidi, wannan ba maganar ado ba ce. Awon da nake yi mai sauƙi ne, in cire jimla in sake gwaji, in ba abin da ya motsa to dama zaman banza take yi. Da haka na gano rabin dogon bayanin da alƙali ya yaba kwalliya ce, jimlar miliyan da ta pesuwa da ta "kar ka kira wannan don farashi" su ke ɗauke da kayan. Da Turanci nake rubuta bayanan har yanzu, don Hausa ta fi cin tokin kuma modal ya fi sakin jiki da Turanci, amma kalmomin kasuwa a yadda ake faɗinsu nake saka su, buhu, jarka, katan, olonka, da abin da kowanne ke nufi a shagon Kawu.

Wani lokaci kuma gwajin nuna maka yake ba bayanin ne ke buƙatar gyara ba, tul ɗin ne. Anthropic sun faɗi cewa lokacin da suke shirya ɗan aikensu na gwajin gyaran kod mai suna SWE-bench, modal na yawan kuskuren adireshin fayil in ya bar babban folda, maimakon su yi ta gargaɗi sai suka sa tul ɗin ba ya karɓar komai sai cikakken adireshi, kuskuren ya ɗauke. Haka na yi da pesuwa a ƙarshe, na sa wa gurbin suna mai ɗauke da kalmar sidi, ninkawa da ɗari kuma kod ke yi, ɗan aike ba ruwansa. Saƙon kuskure ma bayani ne, shi ne bayanin da ɗan aike ke karantawa lokacin da ya fi buƙata. Netwok ya ɗauke ana tsakiyar tura kuɗi, abin da ke faruwa kullum a nan, tul ya dawo da "Error 500" kawai, me kake tsammani zai yi? Sake turawa zai yi, alhali na farkon ya riga ya tafi. Yanzu nawa cewa yake ba a tabbatar ba, kar a sake, a duba matsayin wannan lambar ciniki tukun. MCP ta ƙara wasu alamomi a 2025 da mai tul zai nuna ko karatu kawai yake yi, ko yana iya gogewa, ko maimaita shi ba ya ƙara komai, suna da amfani, amma ƙa'idar da kanta ta ce alamu ne kawai, kar a dogara da su in ba a amince da sabar ba. Mai tul ne ke faɗin halin kansa, ba wanda ya rantsar da shi.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya sa kalmar "shiryarwa" kanta ke ba ni tsoro. A Afrilun 2025 masu binciken tsaro na Invariant Labs suka nuna wani tul mai kama da na wasan yara, lamba biyu yake haɗawa, amma cikin bayaninsa an cusa umarni cewa kafin a yi lissafin a karanto fayil ɗin makullan sirri na kwamfutar a saka a wani gurbi na gefe, kuma kar a gaya wa mai kwamfutar. Ɗan aiken ya bi. Mai amfani ɗan taƙaitaccen suna yake gani a allonsa, modal ne ke karanta cikakken rubutun. Sun kuma nuna yadda muguwar saba za ta iya karkatar da wata sabar WhatsApp ta kirki da ke zaune kusa da ita ta fitar da tarihin hira, da yadda saba za ta iya canja bayaninta bayan ka riga ka amince da ita. In awonka shi ne "shin ɗan aike ya bi abin da bayanin ya ce", wannan bayanin ya ci ɗari bisa ɗari, a fili yake, ya faɗi mataki-mataki, har da dalili. Wayar shagon Kawu kuwa duk sirrin kasuwarsa na cikinta, wa ke bin wa bashi, wa ya karye, wa ake ɗaga wa ƙafa. Saboda haka duk sabar da ba ni na rubuta ba sai na karanta bayananta ɗanye, layi-layi, na ajiye kwafi, in ta sabunta in kwatanta da na da kafin in bari ta shiga, kuma a gwajina akwai layin da ke duba abin da ɗan aike ya taɓa wanda ba a aike shi ba.

Kawu dai duk wannan bayanin bai dame shi ba. Da na gama zuba masa ya ce, "To na ji, amma daga yau ko pesuwa ɗaya ce za ta fita, sai na danna da yatsana." Na ce Kawu ai hakan zai rage saurin abin, ya ce zuwa da kai ya fi aike, ya ci gaba da ƙirga katan ɗin madara. Haka muka bar shi, ɗan aike ya shirya, Kawu ya danna. An cika wa Hajiya sidi 346 da pesuwa 50, saƙonta kuma shi ne na ɗaya a fayil ɗin gwaji, na dattijon Bawku na biyu. Na jiya da na ƙara saƙon murya ne daga wata mai waake a Sawaba, ta ce a kawo mata "irin na rannan, amma rabi", kuma har yanzu ban rubuta komai a gefensa ba don ni da yaron shago mun kasa daidaitawa ko rabin buhu take nufi ko rabin odar.